Yadda nake karanta zanen haɗama na Bruegel

Ranar da na fara ganin hoton nan a waya, aljanun da suka cika shi ne suka ɗauke min hankali, na yi ta jan allo ina ƙara girmansu, na tashi ban fahimci komai ba. Kada ka bi hanyata.

Sunansa Gula, wato haɗama da Latin. Mai zane Pieter Bruegel ya zana shi a 1557, Pieter van der Heyden ya karce shi a farantin jan ƙarfe, Hieronymus Cock kuma ya buga shi a birnin Antwerp da ke Beljiyam ta yau a 1558, cikin jerin hotunan manyan zunubai bakwai na koyarwar Kirista. Babu launi ko ɗigo. Duk duhun da ka gani layuka ne aka jera kusa da juna, don haka nemi hoto mai kyau.

Fara da matar da ta kafa kai a tulu tana kwankwaɗa. Ba wata mata ba ce takamaimai, ita ce haɗamar kanta aka ba jiki. Sai ka duba abin da take zaune a kai: alade. A jerin nan kowane zunubi da dabbarsa, girman kai da ɗawisu, lalaci da jaki. Ka gane dabbar, ka gane zunubin.

Daga nan ka nemi azabar, kuma a nan na fi daɗewa. Na zaci zan ga masu ci a gefe guda, wuta a gefe guda. Ashe cin shi ne horon. Ga wani tumbinsa ya yi girman da sai a baro yake tura shi, kamar mai dakon siminti. Ga wani a kan gada yana kwarara amai cikin ruwa. Can baya, injin niƙa mai aiki da iska ya koma kan mutum, baki a wangame, ana ta ɗura masa. Acici ne da ba a bar shi ya ce ya ƙoshi ba. Duk wanda ka gani, tambayi kanka: ci yake yi, ko ci ake sa shi?

Rubutun ƙasa ka bar shi ƙarshe, don in ka fara da shi zai hana ka kallo. Layi ɗaya da Latin, sai baiti da Holanci mai cewa a guji maye da zarin ci, domin wuce gona da iri kan sa mutum ya manta da Allah, ya manta da kansa. Karanta shi, ka koma kan mai baron nan ka sake dubansa.