Daidaita sirdi da kan keke ga mai zirga-zirga a Yamai

Ni mazaunin Harobanda ne, da keke nake ƙetare gadar Kennedy zuwa wurin aiki. Yana damuna ƙwarai in ga matasa sun saukar da sirdi har ƙasa don tafin ƙafa ya riƙa taɓa ƙasa suna zaune. Hakan ne ke cinye gwiwa, kuma hawan gada ya zama azaba.

Da sirdi ake farawa. Jingina keken da bango, ka hau da takalmin da kake fita da shi. Juya feda ɗaya ta sauka can ƙasa, ka ɗora dunduniya a kanta. Ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. In ka mayar da gaban ƙafa bisa feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, to nan ne daidai. Ciwo a gaban gwiwa galibi alama ce sirdi ya yi ƙasa. In bayan gwiwa ke ja, ko ƙugu na rawa dama da hagu, ya yi sama. Kada ka ɗaga da yawa lokaci guda: milimita 5 ya isa, ka yi ƴan kwanaki ka ji jikinka.

A jikin ƙarfen sirdi akwai layin da masu ƙera keken suka zana. Don Allah in kana ɗaga sirdi kada layin ya fito waje, ƙarfen na iya karyewa kana tsakiyar titi. In ka zare ƙarfen, kafin ka mayar da shi, goge ƙurar hunturu ka shafa giris, in ba haka ba wata rana sai ya kafe. Sirdin kuma ya kwanta daidai, domin in hancinsa ya duƙa, nauyinka duka kan hannu zai koma.

Sai kan keke. Mai yawo cikin gari ya fi jin daɗi in kan ya kai tsayin sirdi ko ya ɗan fi, gwiwar hannu a sake, ido na kallon gaba. A irin tsoffin kekunanmu, sassauta notin da ke tsakiya a sama. In kan ya ƙi motsi, ɗora katako a kan notin ka buga da guduma kaɗan, zai saki. Ƙarfen kan ma yana da layinsa irin na sirdi. Duba wayar birki kada ta ɗaure in ka juya kai. Daga nan matse tayar gaba tsakanin ƙafafunka, ka saita kan, ka ɗaure tam, ka gwada birki kafin ka shiga titi.