AC ɗin a-kori-kura: kurakuran da aka fi yi idan iska ta ƙi bin maɓalli

Wani maƙwabcina ya biya kuɗin gas ɗin AC sau biyu a wata ɗaya, alhali tsohuwar Ford ɗinsa ba gas take nema ba. Sanyi yana nan, sai dai da zarar ya taka totur zai hau gadar Kawo, iskar ta bar fuskarsa ta koma gindin gilashin gaba. Abin ya dame ni, domin gyaran bai kai rabin abin da ya kashe ba.

Tsofaffin a-kori-kura na Amurka, irin su F-150 da Ranger da Dodge Ram, ba waya ce ke juya ƙofofin iska a cikin dashbod ba, zuƙon injin ne, abin da makanikai ke kira bakum. Siririn tiyo ke ɗauko shi daga manifol, wato bututun da injin ke shaƙar iska ta cikinsa, ya bi ta wani ɗan bawul, ya tara shi a ƙaramin tanki na roba. Idan bakum ya ɓace, an ƙera motar ta mayar da iska kan gilashi don kada ya yi hazo. Saboda haka kuskure na farko shi ne taɓa gas ko kwamfireso. Muddin iska na da sanyi amma ta ɓata hanya, a nemi tiyo.

Sai saurin kwance dashbod. Haba! Yawancin ɓarnar tana ƙarƙashin bonet. Zafin Maris da Afrilu yana busar da tiyon nan har ya riƙa karyewa kamar tsinke, musamman inda ya ratsa bangon da ya raba injin da cikin mota. Duba kusa da batir ma, ruwansa na cin roba, ɓera kuma na gwaguyarsa idan mota ta daɗe a ajiye. Bar injin a silo, kashe fanka, ka kasa kunne. Sau da yawa za ka ji tsiii. Lafiyayyen injin fetur a silo yana nuna 17 zuwa 21 a ma'aunin inci na agogon bakum.

Ɗan bawul ɗin nan shi aka fi mantawa, kuma shi ne ya wahalar da maƙwabcina. Idan ka taka totur, zuƙon manifol yana faɗuwa, to aikin bawul shi ne ya hana abin da ke tanki zurarewa. Cire shi ka hura da baki: ta gefe ɗaya kaɗai ya kamata iska ta wuce. In ta wuce ta ko'ina, ya mutu. Na ga inda aka sayo sabo a Panteka aka juya shi baibai, aka ce wai jabu ne. Gefen da ke barin ka zuƙo iska shi ke kallon injin.

Kada a yi faci da salatif ko tiyon ƙarin ruwa na asibiti. Da ya ɗau zafi sai ya lanƙwame ya toshe kansa. A sa tiyon bakum na gaske daidai girmansa. Kuma kafin ka zare masu launi-launin da ke bayan maɓalli, ɗauki hoto da wayarka.

Mai dizal ya sani cewa tasa famfo ne ke samar mata da bakum, can zai fara dubawa. Idan kuwa hita ce ta ƙi zafi da hunturu, kana jin ƙas-ƙas a dashbod, galibi ƙaramar motar lantarki ce mai juya ƙofar zafi da sanyi. Masu Hilux kuma kada a karɓi kuɗinku da sunan bakum ɗin AC: taku waya ce ko lantarki ke juya ƙofofinta.