Yadda Ɗalibin Sakkwato Zai Ci Moriyar SIWES a Reluwe

Sakkwato ba ta da layin dogo. Wanda ya fi kusa shi ne tsohon layin da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda tun 1929, shi ma ya daɗe rabonsa da zirga-zirgar kirki. Don haka ɗalibin injiniya na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke son yin SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, a reluwe, sai ya shirya barin gida: wata shida ga ɗan jami'a, huɗu ga mai ND.

Inda za ka nufa ya danganta da kwas ɗinka. Mai karanta injiniyan inji ko lantarki ya nemi layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, wanda aka buɗe a 2016. A Idu ta Abuja ake manyan gyare-gyare, tashar Rigasa ta Kaduna kuma ta fi kusa da gida. Zariya na da tsohon wurin gyaran kan jirgi na ƙaramin layi, wato tsohon layi mai ƙarancin faɗi, kuma tsohon inji ya fi sabo koyarwa, domin kullum a buɗe yake ana gyaransa. Mai karanta gine-gine kuwa ya fi riba wurin 'yan kwangilar da ke shimfiɗa layin Kaduna zuwa Kano ko na Kano zuwa Maraɗi, inda zai ga ciko da kwalbatoci kafin a rufe su.

Ka karɓi wasiƙa daga ofishin SIWES na makaranta tun da sauran wata uku, ka kai ta da hannunka ofishin ma'aikata na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafi. Wasiƙar da aka ba direban mota a tashar Sakkwato ba ta da mai bin sawunta. Ranar da ka kama aiki, a cike maka fom ɗin shaidar fara aiki (SCAF, wanda a da ake kira SPE-1) a sa hannu da hatimi, ka kai shi ofishin ITF, hukumar da ke kula da SIWES, na garin da kake aikin cikin makonni biyun farko. In ka yi sakaci da shi, a wurinsu ba ka fara ba. Masauki da abinci kuwa na aljihunka ne, alawus ɗin gwamnati yakan zo ne bayan an gama.

Abin da ke kashe wa ɗalibai wata shida shi ne a ajiye su ofis suna jera fayil. Tun ranar farko ka faɗa wa mai rabon ɗalibai, cikin ladabi, sashen da kake so: masu kula da titin dogo, ko wurin gyaran kan jirgi da tarago, ko sashen sigina. Gara ka zauna sashe ɗaya wata uku ka iya wani abu da hannunka da ka leƙa shida ka fito da sunaye kawai.

Kafin komai, tsira da rai

Ka sayi takalmi mai bakin ƙarfe, hular kwano, riga mai ƙyalli da safar hannu kafin ka bar Sakkwato. Babbar riga da rawani mai jela su tsaya a masauki. Ɗaliba ta ɗaure mayafi ta cusa bakinsa cikin rigar aiki, don bel da fanka ba sa jira.

Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin mita 28 kowace daƙiƙa. In ka hango shi daga mita 300, daƙiƙa 11 gare ka, shi kuwa direba sai ya yi ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, domin ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe. Sabon layi kuma ba ya yin ƙara kamar tsohon. Don haka kada ka taka saman dogo, tsallake shi za ka yi. Kada ka ratsa tsakanin tarago biyu ko ƙarƙashinsu ko da a tsaye suke. In jirgi zai wuce, ja da baya aƙalla mita biyu. Wurin canjin layi shi ya fi haɗari: daga ɗakin sigina ake juya harshen ƙarfen, mai juyawa ba ya ganin ƙafarka. Waya a aljihu, kunne a buɗe. Hotunan tasha da lokutan tafiya kuma kada su hau Facebook. Tun harin da aka kai wa jirgin Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ba a wasa da wannan.

A kan titi

Farkon abin da za a miƙa maka shi ne sandar awon faɗin layi. Tsakanin dogayen biyu a sabon layi milimita 1,435 ne, a tsohon kuma 1,067. Ba daga sama ake aunawa ba, daga cikin ƙarfen ne, milimita 14 zuwa 16 ƙasa da samansa, gwargwadon ƙa'idar da layin ke bi. Ka tabbata sandar ta miƙe daidai, in ta ɗan karkace za ta ba ka faɗin da babu shi. A kwana ake yawan samun buɗewa, saboda leɓen taya na goga ƙarfen waje yana cinye shi. A nan ne kuma za ka ga an ɗaga ƙarfen waje sama da na ciki da gangan, kada ka rubuta shi a matsayin matsala.

Silifofin kankare, waɗanda dogo ke kwance a kansu, ana jera su da tazarar kusan santimita 60, wato wajen 1,667 a kilomita guda, a kan tsakuwa mai kauri kusan santimita 30. Tsakuwar nan fasasshen dutse ce mai kusurwa, don ta riƙe juna, ruwa kuma ya tsiyaye. In yashi ko laka suka cike tsakaninta, ruwa ya kwanta, silifa ta riƙa nitsewa tana tasowa duk sanda taya ta hau ta. Alamarta farin tabo ko laka da ta fantsamo a gefen silifa. Da damina, kwalbatin da ya toshe ya fi noti ɗari da suka kwance haɗari, domin ruwa ƙasan layin yake kwashewa, daga sama kuma komai lafiya.

Zafi kuwa ɗan Sakkwato ba sai an ba shi labari ba. Kowace mita ta ƙarfen dogo tana ƙara kusan milimita 0.0115 a kowane digiri. Ƙarfe mai mita 100 da zafinsa ya hau da digiri 30 zai nemi ƙarin milimita 34 da ɗoriya. Da rana tsaka a watan Afrilu, dogo kan fi iska zafi da digiri 15 zuwa 20. A tsohon layi ana barin 'yar tazara a mahaɗa don wannan. A layin da aka yi wa walda babu tazara, maƙalan da ke riƙe dogo da silifa da nauyin tsakuwa ne ke danne shi. Shi ya sa ba a kwashe tsakuwa ko kwance maƙalai da yawa a jere da tsakar rana: layin na iya lanƙwashewa gefe kamar maciji cikin ƙiftawar ido. In aka fito da ku aiki da asuba, dalilin ke nan. Duk awon da ka yi, rubuta lokaci da zafin ƙarfen tare da shi.

A wurin gyara

Injin dizal na kan jirgi ba shi ke juya taya kai tsaye ba. Janareta yake juyawa, wutar ta tafi motocin lantarki da ke maƙale da aksul, wato sandar da ta haɗa tayoyi biyu. Da hunturu ƙura ke toshe matatar iska da lagireto, inji ya riƙa baƙin hayaƙi yana zafi. Ka koyi duba bakin mai, ruwa da akwatin yashi, wanda ke zuba yashi gaban taya in tana santsi. Yashin dole busasshe ne tatacce, mai danshi toshe bututu yake yi.

Birki shi ya fi rikita sabon shiga. Bututun iska ɗaya ya ratsa jirgin daga kai har wutsiya, cike da iska mai matsi 5 zuwa 6 a ma'aunin bar. Raguwar iskar ce ke kama birki, ba ƙaruwarta ba, don in tarago ya tsinke jirgi ya tsaya da kansa. In aka mance famfon iska a rufe tsakanin tarago biyu, duk na baya ba su da birki, direba kuma ba zai sani ba sai ya buƙace shi. Don haka ake gwajin birki har taragon ƙarshe kafin tashi. Ka roƙa a tafi da kai wannan zagayen, ka riƙa lura da tayar da ta goge wuri ɗaya saboda birki ya riƙe ta, da akwatin aksul ɗin da ya fi 'yan'uwansa zafi, alamar giris ya ƙare ko boris ya fara ci.

Yawancin wannan ilmi yana hannun tsofaffin makanikai da ba su da digiri. Ka gaishe su, ka ce Baba ko Oga, ka ɗauki sifana ka wanke kayan aiki. Wanda ya zo yana gyara musu Turanci, kallo kawai zai sha.

Logbuk, littafin rubuta aikin da ka yi, kullum ake cike shi, ba ranar Juma'a ba. "Mun duba layi" ba rubutu ba ne. Ka sa kilomitar wurin, abin da aka auna, adadin da aka samu, wanda ya kamata, da gyaran da aka yi, da ɗan zane. Mai kula da kai ya sa hannu kowane mako, don ana iya yi masa canjin wurin aiki ya bar ka da shafuka ashirin babu sa hannu. Fom na 8 na ITF kuma, na kammala SIWES, a cike shi a buga hatimi mako guda kafin ka kama hanyar Sakkwato, domin dawowa Kaduna saboda hatimi ɗaya tafiyar yini ce, ban da kuɗin mota.