Darasi na 9: Murfin da ya ƙi buɗuwa

Karanta a hankali.

Man shafawa, turare, kwalli da sabulun wanke gashi kaya ne na kowa. Amma yawancin robobinsu an ƙera su ne don mai lafiyayyun hannaye biyu da ido garau. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki da hannu ɗaya yake komai. Tsohuwa mai ciwon gaɓoɓi ba ta iya murɗa ƙaramin murfi, balle idan maiƙo ya taɓa shi. Wanda kuturta ta taɓa wa yatsu ba ya jin abin da ya riƙe. Makaho kuwa, robar man gashi da ta man jiki duk ɗaya suke a hannunsa.

A nan laifin na mazubi ne. A ƙasar Japan, tun 1991 kamfanin Kao ya fara yin tsaga-tsaga a gefen robar sabulun gashi, don a gane ta da laluben hannu. A kasuwanninmu da wuya ka ga irin wannan, sai dai mu yi dabara a gida.

In za ka saya, zaɓi roba mai famfo, wadda ake dannawa da tafin hannu ko gwiwar hannu, ko mai faɗin baki. Guji kwalbar gilashi, tana da santsi, tana kuma fashewa. Ka ce mai shago ya cire maka ledar da aka liƙe bakin da ita tun a wurin.

A gida, naɗa robar ɗaure kuɗi sau uku a murfi, zai daina zamewa. Mai hannu ɗaya ya matse robar man tsakanin gwiwoyinsa. Don makaho, ɗaura zare a wuyan roba: ƙulli ɗaya man jiki, biyu man gashi. Kada a sauya wa kayansa wuri ba da saninsa ba.

In za a juye mai a wani mazubi, a fara duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar lalacewarsa. Kada a zuba shi a robar lemo, yara za su ɗauka abin sha ne.

Aiki

1. Rubuta sunayen kayan shafa uku da ke gidanku.
2. Gwada buɗe kowanne da hannu ɗaya. Wanne ya gagara?
3. Kwafi wannan jimla: A ba ni mai famfo.