Shawara ga mai neman keken ƙarfe a Sakkwato

'Yan uwa, wanda duk ke son keke guda da zai je aiki cikin gari, Asabar kuma ya bi hanyar gona wajen Wamakko ko Kware, ya nemi firam, wato gangar jikin keken, na ƙarfe. Dalilina ɗaya: in ya tsage, kowane mai walda a bakin titi zai ɗinke maka. Alminiyom sai ka sha yawo, kuma da wuya ya koma daidai.

Ka tafi da maganaɗisu a aljihu. In ya manne, ƙarfe ne. In ka ga an rubuta 4130 ko Cr-Mo a jikin bututun firam ɗin, wato nau'in ƙarfen da aka yi shi da shi, kama shi, ya fi wanda aka rubuta Hi-Ten rashin nauyi.

Sabon fenti kada ya ruɗe ka. Na taɓa sayen na hannu yana sheƙi, ashe tsatsa ta cinye ƙasan inda feda ke juyawa. Yanzu sai na kifar da keken, na zare sirdi na leƙa cikin bututun da tocila.

Abin da aka fi mantawa shi ne faɗin taya. Yashinmu ba ya raga wa siririyar taya, sai ka sauka ka tura. A tabbata firam ɗin zai ɗauki taya mai faɗin milimita 45 ko 50, da ɗan sarari saboda taɓon damina. A duba ramukan ɗaura kariyar ɗaukar kaya kuma.