Yadda ake gyara rubutun yaro a gida ba tare da bulala ba

Na daɗe ina koyar da yaran unguwa da yamma a Zengo, cikin Zinder, kuma duk lokacin da aka raba sakamakon jarabawa sai uwa ta shigo da kaye, wato littafin rubutu, a hannu: "Malama, duba min rubutun yaron nan, kamar tafiyar tsutsa, dikte (rubuta abin da malami ya karanta) kuma kullum sifiri." Kafin ta zo, sau da yawa an riga an sa shi ya kwafi shafi guda sau goma, an kuma zane shi. Wannan ba ya gyara komai, tsoron bik, wato biro, kawai yake sa wa yaro.

Da farko a gane inda matsalar take, ko a hannu ko a haɗa harufa. A nan ni kaina na yi kuskure da ɗana na biyu yana CE1, aji uku na firamare, shi ya sa zan daɗe a kai. Wata uku na yi ina masa faɗa a kan munin rubutu da kuskuren dikte lokaci guda. Ya rubuta kalma daidai, in ce ta karkace. Ya zana ta da kyau, in ce ya manta harafi. Har ya kai in na ɗauko kaye sai ya ce cikinsa na ciwo.

Gwajin da ya kamata in fara da shi mai sauƙi ne. A rubuta masa layi biyu, ya kwafa yana kallo. Washegari a karanta masa layukan nan, ya rubuta da ka. In kwafin ya fito a hargitse, harufa na hawa suna sauka, yana danna bik har takarda ta huje, yana yarfe hannu, to aikin na hannu ne. In kwafin ya yi kyau amma na ka ya cika da kuskure, hannunsa lafiya lau. Faransanci ne ke ba shi wuya, kuma ba laifinsa ba ne: yaron da ya tashi da Hausa, ga shi ana ce masa sautin "o" ana rubuta shi o, au, ko eau, wasu harufan ƙarshen kalma kuma ba a furta su sam. A zaɓi matsala ɗaya a yi wata guda a kanta, ɗayar a kawar da kai ko da tana ci wa mutum rai.

A makon gwajin kuma a lura da idonsa. Yaron da ke kai fuska dab da takarda ko yake ƙanƙance ido in yana kallon allon aji, a kai shi wurin likitan ido tun kafin a zarge shi da lalaci. In bahago ne a bar shi da hagunsa. Na san al'adarmu, amma cin tuwo daban, rubutu daban. A karkata masa kayen kawai zuwa dama don kada hannunsa ya rufe abin da ya rubuta.

In hannu ne, a ajiye bik. Ni ban yarda yaro mai wannan matsalar ya yi aikin gida da bik ba. Allo da alli sun fi, ga arha, a Kasuwar Dole ma ana samu, in babu kuwa yashin tsakar gida da ɗan yatsa ya isa. Ya yi manyan harufa, dangi dangi: a, o, d, g, q duk da zagaye suke farawa, l, b, h, k da dogon lanƙwasa. Wannan shi ke raba masa b da d. Sai a koma fensir da kayen lakwal mai ƙananan layuka: a da o su cika layi ɗaya, t da d biyu, l da b uku. Kada ya yi rubutu a kwance kan tabarma. Ko ƙaramar kujera ce a sa masa a gabansa ya ɗora kayen.

In dikte ne, kalma 5 a rana daga darasin da mushe, wato malamin ajinsu, ya bayar. Ya kalli kalmar, ya faɗe ta gaɓa gaɓa, a rufe, ya rubuta, ya buɗe ya duba da kansa. Wadda ya kasa ta dawo gobe.

Minti 15 ya wadatar, bayan la'asar in ya ci abinci, ba da dare a hasken tocila ba. Juya harufa a CI da CP, aji ɗaya da biyu, abu ne da yara da yawa ke yi, balle wanda ke rubuta Larabci daga dama a makarantar allo. Amma in ya kai CE2, aji huɗu, yana juya su, karatu ma na ba shi wuya duk da wayonsa a magana, a je a zauna da mushensa, a tambayi likita a kan abin da ake kira disleksiya. A tafi da tsoffin kayensa don su ga yadda abin ya faro.