Yadda za a nuna karon tudun ƙarƙashin teku da gaɓar tsibirai a akwatin yashi

Sakkwato ba ta da teku, amma yashin gulbin Rima ya isa a nuna abin da ke faruwa inda dogon tudu na ƙasan teku ya kutsa ƙarƙashin jerin tsibirai masu aman wuta, kamar yadda tudun Louisville ke shiga ramin Tonga, wani dogon rami mai zurfi a ƙasan tekun Pasifik.

A samu akwati mai tsawon mita 1 da faɗin santimita 30, gefunansa na gilashi. A shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, a zura bakinta ta ƙarƙashin katakon da aka kafe a ƙarshen akwatin. Leda ita ce ɓawon ƙasan teku da ke nutsewa ƙarƙashin gaɓa, katakon kuma shi ne gaɓar. A manna guntun itace mai tudun santimita 2 da tsawon 15 a kan ledar, santimita 40 daga katakon.

Yashi shi ne ke gyara aikin ko ya ɓata shi. A wanke shi, ya bushe ƙarau, a tankaɗe. Kada a juye shi da kwano, a riƙa barbaɗawa da rariya daga sama har kaurinsa ya kai santimita 3, ana yayyafa garin gawayi bayan kowace santimita. Yashi mai laima yana dunƙulewa, sai ya tsage a tsaye maimakon ya zame. Shi ya sa lokacin hunturu ya fi damina.

Sai a ja ledar ta bakin da ke ƙarƙashin katakon, santimita ɗaya-ɗaya, ba fizga, ana ɗaukar hoto daga sama. Da farko yashi zai taru gaban katako, falle bisa falle. Da itacen ya iso, zai lotsa goshin tarin, ya ɗaga bayansa, tsagogi su bazu kamar yatsu. Haka tudun Cocos ya ɗaga yankin Osa a Kosta Rika. Bayan wucewar itacen rufin zai rufta, yashi ya gangaro ya cika gurbin.

A lura da yadda itacen ke tare yashin da ke bin gindin tarin. A Chile, tudun Juan Fernández na tare lakar da ke tafiya arewa, don haka ramin ƙasan tekun da ke bin gaɓar ya cika a kudancin tudun, arewa kuwa kusan wayam.

Gilashi na riƙe yashin da ke jikinsa, saboda haka abin da ake gani a gefe ba shi ne na tsakiya ba. In an gama, a fesa ruwa a hankali har ya jiƙe, sannan a yanka da wuƙa kowace santimita 2 a duba layukan gawayin.